Rasuwar Gimbiya, Abarbar Falon Khaulat

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Malam Baƙo mai jirgin fito na Yawuri ke sanar da rasuwar Gimbiya, abarbar ado ta babbar ɗiyarsu Khaulat. Ta cika ranar Alhamis bayan la'asar, cikin tukunyarta a kusurwar falo, bayan wata biyar tana zaune da mu.

Marigayiya ta zo daga Abuja a kan cinyar Khaulat, a gidan gaba na mota, kuma har ta bar duniya ba ta taɓa amfanar kowa ba. Ba a cin ta. Ba ta inuwa. Ɗan da ta yi ja ne, bai wuce ƙwan agwagwa ba. Mai kawaici ce. Ba a jin muryarta sai "ƙaras" idan ƙayar ganyenta ta kama zanin baƙuwa.

Khaulat, wadda ta yi kwas na sati biyu kan ƙawata ɗaki ta dawo da tabarau, ta ɗora duk burinta a kanta. Ranar Asabar Hajiya Yasira, matar dillalin albasa, za ta zo ganin Gimbiya. In ta yaba, Khaulat ce za ta ƙawata mata sabon bene. In ba ta yaba ba, kaskon awarar da Khaulat ke soyawa a da na nan inda aka jingine shi.

Ciwon ajali ya fara da kulawa. Khaulat ta karanta a waya cewa abarba na son haske da ruwa kaɗan, sai ta ja labule saboda bakin maƙwabta, tana fesa mata ruwa kamar turare. Inna, da ta shekara arba'in tana noman shinkafa a fadama, ta sa yatsa a tukunyar ta ji ƙasa a bushe.

"Khaulatu, ba ki tsoron Allah? Shuka na ƙishi kina ɗaukar ta hoto?"

"Inna, don Allah ki bar ta, ba shinkafa ba ce."

"Mi ta fi shinkafa da shi?"

Daga ranar Inna ta toshe hujin gindin tukunyar da tsumma don ruwa ya kwanta, tana cika ta kowace safiya kafin Khaulat ta tashi. Baba kuma yana ƙara ruwan wankin kifi, wai taki.

Ranar Alhamis Khaulat ta kama ganyen tsakiya za ta goge. Ya biyo hannunta. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce "fut", sai wani wari ya biyo baya, irin na bakin kwata da rana tsaka.

Ta bar hotuna ɗari biyu a sitatus na wayar Khaulat, da kwalbar feshi, da Khaulat. Ta kuma bar 'yar tsiro ɗaya, wadda Inna ta cizge tun tuni ta jefar bayan wurin wanki. Akuya ta shinshina ta wuce. Tana can cikin rana, ba mai kula ta, sai ƙiba take.

An ɗage jana'iza zuwa Lahadi. Kafin nan gawa za ta ci gaba da zama a falo: an tsaida wuyanta da tsinken tsire, an shafe ganyen da man gyaɗa, an kunna turaren wuta. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su yi kuka, kada su taɓa ta, kada su kunna fanka, domin ba a gaya wa Hajiya Yasira ba tukuna.

Za a binne ta a juji da ƙarfe goma. Tukunyar kuwa Inna ta riga ta tanadar mata irin albasa.

Sanarwa daga Ramatu, ƙanwar mai rashi, a madadin iyalai.