Rimot a Zanin Goyo

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba, ko da kuwa ni zan manta, Baba Iro maigadi ba zai bari ba.

Shara da goge-goge nake yi a wani asibitin kuɗi a nan Mafara, mai rassa a Bakura da Maradun. Doka biyu Likita, mai asibitin, ya kafa mini ranar da ya ɗauke ni: ba a zuwa aiki da goyo, kuma a ɗakin kwamfuta ƙasa kawai zan goge, kada in taɓa komai. Ta farko na karya ta tun satin farko, don babu mai riƙe mini Ummi, ɗiyata mai wata tara. Ƙarƙashin hijabi nake ɓoye ta. (Kowa ya sani, har Baba Iro. Likita ne kaɗai bai sani ba.)

Anti Rahila ce mai ɗakin kwamfuta, Kirista ce, mai haƙuri da tambayoyina. Ta ce mini ana so a haɗa katin marasa lafiya na rassan uku a rumbu ɗaya, kuma manhaja biyu ke takara. Ni dai baƙin akwati guda na gani yana gurnani.

"Kamar masu ciro kati biyu ne, Maman Ummi," in ji ta. "Tambayoyi iri ɗaya zan jera musu, ta farko ran Litinin, ta biyu ran Talata, a akwati ɗaya, in ga wadda ta fi saurin amsawa. Ai ba a auna shinkafar mutum biyu da tiya daban-daban."

Na gane sarai. Na taɓa tsayuwa da Ummi jikinta kamar garwashi ana neman katinta an rasa. Anti Rahila kuma ta riga ta faɗa wa Likita cewa ta biyun za ta fi.

Ran Talata, ranar kasuwa, Anti Rahila ta kunna gwajin manhaja ta biyu da safe ta wuce Bakura. Ummi ta tashi da mura, tana ta rigima, kuma ɗakin kwamfuta ne kaɗai Likita ba ya leƙawa. Na shimfiɗa mata zane a can. Amma sanyin esi, na'urar sanyaya ɗakin nan, ko babba sai ya yi tari. Na dubi akwatin, na dubi hancin ɗiyata, na ce ai ƙarfe ba ya mura. Na ɗauki rimot na kashe. (A lissafina ban taɓa kwamfuta ba, esi na taɓa.)

Ta yi barci har kusan azahar. Na lura gurnanin akwatin ya ƙaru kamar injin niƙa ya samu tsakin masara, amma na ce ƙila haka aikinsa yake. Da ta farka na kunna esin, na saɓa ta a gaggauce. Sai a gida, ina kwance goyo, rimot ya faɗo daga cikin zane.

Da safiyar Laraba na cusa shi a ɗaurin zanen goyo, da niyyar in mayar babu wanda ya gani. Na tarar ɗakin a cike: Likita, shugaban reshen Bakura, na Maradun, da Anti Rahila a gaban allo, fuskarta ba annuri. Likita ya ce in kawo shayi.

Ina jera kofuna ina ji. Ta biyun ta fara da gudu, wai, sannan daga hantsi ta koma tafiyar hawainiya.

"Ke kika ce ta fi," in ji Likita. "Na tara mutane daga garuruwa biyu."

"Ranka ya daɗe, ba manhajar ba ce. Akwatin yana rubuta zafin jikinsa. Ga shi, ya yi zafi daga hantsi zuwa azahar, shi kuma in ya yi zafi rage gudu yake don kada ya ƙone. Esin ne ya tsaya."

Ashe ƙarfen ma yana da bakin kai ƙara.

Aka kira Baba Iro, don shi ke kula da janareta. Tsoho ya shigo da hula a hannu.

"Baba, jiya ka kashe inji ka tafi cin kasuwa ko?"

"Wallahi Likita ban tahi ko'ina ba. Ina bakin ƙohwa tun sahe."

"To wa ya kashe? Aljanu? In ba za ka iya ba, akwai masu nema."

Ina so in ce muku a nan imani ya motsa mini na buɗe baki. Ƙarya ne. Tire na riƙe gam, ina jan ƙafa da baya zuwa ƙofa, ina roƙon Allah Ummi ta ci gaba da barci. Na ji tana motsi a bayana. Na ji ɗan hannunta yana lalube a ɗaurin zane. Na ɗan jijjiga ta, kofuna suka yi ƙara.

Sai esin ya ce "tit", ya rufe bakinsa.

Kowa ya ɗaga kai sama, sannan suka bi idon mutumin Maradun zuwa kaina. Ta gefen hijabina ga ɗan hannu ya leƙo, riƙe da rimot sharkaf da yawu.

"Hajiya," in ji mutumin a hankali, "hijabinki na da hannu ukku."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na faɗi komai, har murar, har zancen ƙarfe ba ya mura. (Wannan da ma na bar shi a cikina.) Na ce a kore ni amma a bar Baba. Har na fara tunanin abin da zan faɗa wa maigidana. Sai Likita ya ce, "Juyo da ita." Ya taɓa goshin Ummi, ya duba maƙogwaronta.

"Kina aiki a asibiti kina ɓoye mara lafiya. A yanka mata kati. Baba, ka yi haƙuri."

Aka maimaita gwajin ranar Alhamis, ƙofa a kulle, rimot a jakar Anti Rahila. Ta biyun ce ta ci, ba da tazara mai yawa ba. Ummi yanzu tana wuni wajen matar Baba Iro, bisa umarnin Likita. Shi kuwa Baba kullum da safe sai ya miƙe ya sara mini: "Injiniya, an tashi lahiya? Yau mi za a kashe?"

Abin da na koya bai da yawa. In ana awo, janye hannunka, ko da tausayi ne ya miƙa shi. In kuma ka riga ka yi ɓarna, kada ka ba mai fitar haƙori ajiyar shaida.