Sarkin Bakan Kalambaina

Zamanin da kuɗin mai suka ishi kowa, Injiniya Umaru ya dawo daga kwas a Turai da wani faifan lantarki da ake jifa da 'yan kibau, ya rataye shi a kulob ɗinmu na ma'aikata a Kalambaina. Ya soma yi mini bayanin wasan, na ɗaga masa hannu. Jikan maharbi za a koya wa kibiya?

Faifan ya ba kowannenmu maki 301. Nan take na gano asirinsa: duk wanda ya soke shi, sai makinsa ya ragu. Sai na koma auna bango. Umaru, bawan Allah, ya yi ta sukar tsakiya har makinsa ya ƙare ƙaf, faifan ya ɗau kiɗa. Na karkace hula, na zaga ina karɓar barka, na ce a kawo wa kowa tsire.

Sai da suka lashe tas Umaru ya dafa kafaɗata.

"Abokina, ai wasanga wanda yar riga cinye makinai shi yac ci."

Har yau in na ratsa Ƙofar Atiku, sai na ji an ƙwala mini kira: "Sarkin Baka, a yi wa bango afuwa!"