Ganuwar Bayan Ranuna

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na naɗa kaina malamin tarihi a gaban Baffa Sule ba. Lokacin ina neman auren Rabi, 'yar maƙwabtanmu a unguwar Harra ta Gabas, a shekarun da ko'ina a Madina rusau ake ana sabon gini. Mahaifinta ya rasu, maganar auren tana hannun wannan baffan nata da ya zo Hajji daga Kano. In ya ce a'a, shi ke nan na rasa ta.

Mutum ne mai son kayan tarihi, kullum zancensa badalar Kano. Ni kuma da rawar kai na ce, "Ai Baba, mu ma muna da tamu, akwai kufan wata tsohuwar ganuwa a bayan kwarin Ranuna, can wajen gari." Akwai ɗin kuwa, sai dai sau ɗaya aka taɓa kai mu muna 'yan makaranta (ranar ma hankalina yana kan dabinon gonar mutane).

Na aro mota muka tafi. Muka yi ta zagaye cikin baƙaƙen duwatsu, gumi yana keto mini, can sai ga wani dogon tudun ƙasa. Na ce alhamdu lillahi, ga ta nan. Na shiga zuba: nan maharba suke laɓewa, can ƙofa take, wancan ramin kuwa don dawakin abokan gaba aka haƙa shi. Bawan Allah yana ta "ikon Allah!" Har ya durƙusa ya ƙulle ƙasar a hankici, wai tsarabar mutanen gida.

Sai muka ji hon. Wata tifa ce take tahowa da baya, direban ya leƙo yana cewa, "Yalla ya Hajji, ku matsa!" Ta ɗaga bayanta, ta juye ƙasa da fasassun bulo da buhunan siminti a kan ganuwata. Wallahi ji na yi kamar in roƙe shi ya juye a kaina.

Baffa ya kwance hankicinsa a hankali, ya kakkaɓe. Ya ce, "To ɗana, mun dai ga yadda ake gina ta."

Ya ba ni Rabi, amma sai da ya ce wa mahaifina, "Yaron nan yana da kirki. Sai dai duk abin da ya faɗa, a riƙa tambayar wani."

Tun daga ranar, in na ga tudu, sai na duba sawun taya kafin in buɗe baki.