Tsatsar Wata Bakwai

Ni ce na hana Malam jirginsa, ko kuwa dama can ba rabonsa ba ne? Shekaru sun tura, shi kansa ya riga mu gidan gaskiya, amma har yau tambayar nan takan zo ta zauna mini a ƙirji. Abin da na sani shi ne, ko zan manta da komai na zamanmu a New York, ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar ba, ranar da na roƙi ƙasa ta tsage in shige ta ƙi. (Autata Rabi ce ke rubutawa, ni ban yi boko ba. Tun ban fara ba take dariya, don ta san labarin.)

Malam, maigidana, direba ne a wani ofishin jakadanci a Manhattan. Muna zaune a unguwar Mount Hope da ke Bronx, hawa na huɗu, a farkon shekarun casa'in. Mutum ne mai kamun kai, ba taba, ba yawon banza. Lalurarsa guda ce, ƙananan jiragen ƙasa, irin waɗanda ake shimfiɗa wa layin dogo a kan tebur su yi ta zagaye da wutar lantarki. Mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne a Zariya, shi ke zuba wa inji kwal, don haka abin a jininsa yake. Da muka zo nan sai ya tarar ashe akwai masu irin ciwonsa, har da kulob ɗinsu a ɗakin ƙasa na wani dogon gini kusa da titin Grand Concourse. Tsofaffi ne masu furfura da jikoki, yawancinsu Turawa. Shugabansu wani Mista Liyo, wanda ya taɓa cire hularsa don wani tarago mai tsawon yatsana ya faɗo daga tebur.

Bahaushe ɗaya ne a cikinsu bayan Malam, wato Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi, mai shagon agoguna da huluna a Harlem. Su biyun nan su suka hana ni sakat a falona. Duk shekara kamfanonin da ke ƙera jiragen sukan fitar da littafin hotuna, katalog suke ce masa, mai nuna sababbin da za a sayar. To, wata uku kafin littafin ya fito, babu wata hira a gidana sai hasashe. Sai ka ce masu duban watan Sallah.

"Bana za su hiddo mai hayaƙin nan, na ji daga bakin mai shago," in ji Alhaji Isufu.

"Bara ma haka ka ce."

"Bara an yi muna sammu ne. Bana dai ka gani."

"Kai da ƙasarku ko taku ɗaya na layin dogo babu, me ka sani a jirgi?"

"Bon, mu ba mu samu ba. Ku da kunka samu, ina yake? Ba shi nan kwance awaki na kwana ƙarƙashinai ba?"

Su yi ta yi har shayin ya huce, in sake ɗumamawa. Ranar da littafin ya iso kuwa, Malam sai ya wanke hannu kafin ya buɗe. Ya bi shafi-shafi, ya kai ƙarshe, ya rufe, ya ce, "To, Allah ya kai mu baɗi." Abu guda yake nema kuma bai taɓa gani ba, wato baƙin injin kwal irin wanda mahaifinsa ya yi aiki a kai. Na Amurka ga su nan birjik, na Ingila, na Jamus, amma na ƙasarmu ko ɗaya.

Sai wata shekara labari ya zo cewa wani ƙaramin kamfani na neman injinan ƙasashen waje da ba a taɓa ƙerawa ba, kuma zai turo wakili ranar da kulob ke buɗe ƙofa ga baƙi, ya ga abin da mutane ke so. Malam ya ce hoto ba zai isa ba, sai mutumin ya gani da idonsa. Ya sayi wani injin Ingila mai kama da shi, ya yanke nan, ya goge can, ya liƙa wancan. Wata bakwai yana wannan aiki, duk a can ɗakin ƙasa. Ni dai ban taɓa sa shi a ido ba, labarinsa kawai nake sha safe da yamma.

Ranar Juma'a, jajibirin zuwan baƙin, ya dawo da shi gida a cikin kwalin takalmi, don ana share ɗakin kulob. Ni kuma aka ɗora mini abincin baƙi, waina da dambun nama. Asabar da safe sai ga waya daga ofis, wai ya kai wani babba filin jirgin sama na JFK. Yana sa takalmi yana ce mini, "Asabe, ki taho da kwalin nan tare da abinci. Alhaji zai biyo ya ɗauke ki, mu haɗu a can. Ki riƙe shi kamar ƙwai."

Da na riƙe shi kamar ƙwai, da ba a yi wannan labari ba. Ƙwai ai ba a buɗe shi.

Na gama suyar waina, saura awa biyu Alhaji ya zo, sai zuciya ta ce mini, leƙa mana ki ga kishin da aka yi wata bakwai ana yi miki da ƙarfe. Na ɗaga murfin. Innalillahi! Abin da na gani ya tayar mini da hankali. Inji ne kyakkyawa, amma dauɗa ta ci shi. Tsatsa a gindin bututun hayaƙi, baƙin zane ya gangaro ta gefe kamar an yi kuka da kwalli, ƙafafun kuwa jar ƙura ta kama su har ciki. Na ce, wayyo Malam, wancan ɗakin ƙasa mai laima ya cuce ka, kuma da idon nan naka ba ka lura ba. Yanzu haka zai ajiye shi gaban baƙon Bature? A ce mutumin nan ba shi da mata a gida?

Ku fahimce ni. Ni a unguwarmu a Zariya da goge tasa aka san ni. In na jera kwanukana a kabad, maƙwabta kan shigo su gyara ɗaurin ɗankwali a jikinsu. Wannan ne kaɗai ilimina, kuma a ranar na ga dama ta zo in taimaki mijina da shi.

Na ɗora ruwan ɗumi. Na ɗauko tsohon buroshin haƙori, da sabulu, da garin da nake goge tukunya. Tsatsar nan ta yi taurin kai, na matsa mata lemun tsami, na bi ta da soson ƙarfe a hankali. Akwai wasu 'yan fararen zane-zane a gefe, su ma suka bi ruwa, ban damu ba. Da ya bushe na ga bai yi ƙyallin da nake so ba, sai na ɗiga man gyaɗa a tsumma na mulke shi tas, har ƙafafu. Wallahi ya yi kyau. Na naɗe shi a sabon ɗankwali, na mayar cikin kwali, na ɗaura gyale ina jin kaina kamar wadda ta ceci rai.

Ɗakin kulob ya cika. Ga wani ƙaton tebur da duwatsu da gadoji da 'yan bishiyoyi, jirage na ta kai da kawo. Ga wakilin kamfani, wani siriri mai tabarau da littafin rubutu. Malam ya iso yana haki, ko hular aiki bai cire ba, ya karɓi kwalin daga hannuna bai buɗe ba, don layi ya riga ya zo kansa. Ya tsaya ya yi jawabi da Turanci. Alhaji Isufu na gefena yana fassara mini ƙasa-ƙasa.

"Yana ba su labarin babanai... Ya ce injin nan bai taɓa kwana da tsabta ba, daga Legas har Kano... Ya ce wata huɗu ya yi yana ƙira, wata uku yana sa mishi tsufa."

Na ce, "Yana sa masa me?"

"Tsufa, Hajiya. Ai haka a ka yi. Sabon jirgi wasan yara ne. Gwani shi ne wanda ya shafa tsatsa da hayaƙi har ka rantse ya yi shekara talatin bisa hanya. Da garin alli da buroshi mai gashi uku. Ke, jar ƙasar ma ta gaske ce, daga takalman ƙanenai ya kankare ta lokacin da ya zo daga Zariya."

Ban san lokacin da na zauna a kan kular waina ba.

Malam ya buɗe kwali, ya ga ɗankwalin da bai sani ba, ya ɗan yi turus, ya warware. Inji ya fito yana walƙiya kamar tasar amarya. Ƙamshin lemun tsami ya kai har layin baya. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai jiragen da ke zagaye. Mista Liyo ya cire hularsa.

Malam ya juya shi dama, ya juya shi hagu, ya duba ƙasan kwalin ko akwai wani. Sannan ya shafa gefen da fararen zanen nan suke. Ashe lambar injin mahaifinsa ce, ya rubuta ta da bakin allura. Ya ɗago, idonsa ya bi mutane ɗaya-ɗaya, kuma na ga ya tsaya a kan wani tsoho da suka daɗe suna gasa. Na san in na yi shiru za a zargi bawan Allah. Na miƙe, na tattaro ɗan Turancin da nake sayen albasa da shi, na buga ƙirji na ce ni ce, ni na wanke. Kuma don Shaiɗan bai gama da ni ba, na ƙara da cewa har mai na shafa masa.

"Wane mai?" in ji Malam, da Hausa, murya can ƙasa.

"Na gyaɗa. Mai kyau, wanda na soya waina."

Alhaji Isufu ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na tsalle. Wakilin kamfani, don ya rage mana nauyi, ya ce ba komai, a ɗora shi a layi a ga tafiyarsa. Da ma bai ce ba. Aka ɗora, aka ba shi wuta. Ya yi ɗan gaba, ya iso gindin tudu, ƙafafu suka yi ta juyawa a wuri guda kamar mai daka a tsaye. Daga nan ya sulalo da baya a hankali, da mutuncinsa, ya dawo daidai inda ya tashi. Bai tsaya nan ba. Man ya shafi layin, jirgin Mista Liyo mai tarago goma sha biyu da ke biye ya iso tudun, shi ma ya sulalo. Na bayansa ma haka.

"Hajiya," in ji Alhaji Isufu yana share hawaye, "kin kawo muna reluwen Najeriya har Bronx. Ga shi, komi ya tsaya!"

Wannan ce ta fasa ɗakin. Ya fassara musu, aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Ni kuwa na ja gyale na rufe fuska, ina leƙen Malam ta gefe. Ya daɗe yana kallon injin. Can sai na ga gemunsa ya fara rawa, shi ma ya fashe. Aka raba tsummoki, tsofaffi bakwai suka durƙusa suna goge layin dogo, ni ina bin su da faranti ina ba da haƙuri da waina. Wakilin ya ci shida. (Na ƙirga, don a lokacin ba ni da inda zan sa idona sai farantin.) Ya yi rubutu a littafinsa, ya ɗauki injin hoto, ya ce zai kai magana gaba.

Da muka koma gida, ni da Malam muka hau bene har hawa na uku. Ya tsaya ya huta, ya ce, "Asabe, tun da aka kafa reluwe ba a taɓa yi wa injin nan gata irin na yau ba." Na zauna a matakala na yi kuka, shi yana tsaye da kwali yana jira in gama.

Littafin baɗi ya fito, ya wanke hannu, ya bi shafi-shafi, babu. Na shekarar da ta biyo ma babu. Ya ce kasuwa ce, wa zai sayi jirgin Zariya a Amurka in ba shi da Isufu ba? Bai taɓa ɗora mini ba ko da wasa. Ya sake rubuta lambar, ya sake shafa tsatsar, sai dai wannan karon a teburin kicin ɗina, ni ke kankare masa alli. Jar ƙasa ce ta gagara, sai da muka jira wani baƙo daga gida. Mutumin har ya koma bai gane dalilin da ya sa matar gida ta karɓe masa takalmi tun daga bakin ƙofa tana godiya ba.

Darasin da na koya bai da yawa. In kin ga dauɗa a kayan miji, tambayi mai kaya tukuna, wataƙila da kuɗinsa da idonsa ya sa ta. Ni dai tun ranar ko kofin shayinsa sai na nemi izini.

Rabi, ba ni gefen zanen nan in share ido, sannan ki rubuta wannan. Ciwonsa na ƙarshe bai ja ba, kwana tara ne a asibiti. A rana ta takwas da hantsi na jiƙa tawul da ruwan ɗumi ina goge masa fuska, goshi da kumatu da bayan kunne, kuma kin san hannuna, ban iya shafa sama-sama ba. Kwana biyu ke nan bai yi magana ba, bayan wadda ya yi mini a ranar kuma bai sake ba sai kalmar shahada da limami ya laƙƙana masa. Ya buɗe ido ɗaya, ya kama wuyan hannuna, bakinsa ya ɗan karkace irin na mai shirin tsokana.

"A hankali, Asabe," ya ce. "Shekara saba'in na yi ina shafa tsufan nan. Kada ki wanke mini shi."