Ranar da Saratu Ta Raka Ni Zagayawa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da ma na so in manta, don surukaina ba za su bar ni ba. Duk Kirsimeti sai wani ya tono zancen, kuma kullum sai ana tsakiyar cin abinci.

Bari in fara da cikina, tunda shi ya ja mini. Na daɗe ina fama da wani ciwon hanji da likitoci ke kira IBS. An ɗebi jinina, an yi mini hoto, an zura mini abin da ba zan faɗa ba ta inda ba zan faɗa ba, a ƙarshe likitar ta ce hanjina lafiyarsa ƙalau, saurin fushi ne kawai da shi. (Na ce mata to gado ne, haka kakata take.) Ta ce kowa da abin da ke tayar masa, wani wake, wani madara, wani fargaba kaɗai ta ishe shi. Na ce giya fa? Ta ce akwai masu shan ɗan kaɗan su kwana lafiya, akwai waɗanda kurɓi biyu ke hargitsa musu ciki, in lura da kaina in gani. Na lura. Ni ɗan kurɓi biyun ne. Dama ni ba mashayi ba ne, sai dai in ɗan taɓa a wurin biki, don haka barinta bai dame ni ba.

Abin da ya gagare ni shi ne faɗa. A Kafanchan inda na tashi, namiji zai iya cewa yana da ciwon baya ko hawan jini, a yi masa sannu cikin girmamawa. Amma wa zai tsaya gaban budurwarsa ya ce ciwonsa murɗar ciki ne da iska da gudawa? A ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti nake aiki, wuni nake ina duba bayan gidan mutanen da ban sani ba, amma nawa na kasa ambata. Saboda haka Saratu, wadda nake nema da aure, ba ta san komai ba. In mun fita cin abinci sai in tsakuri shinkafa in ce na ƙoshi. In cikin ya fara, sai in ce an kira ni wurin aiki in gudu.

A nan Bronx, cikin birnin New York, aka haifi Saratu, iyayenta mutanen Jos ne. Tana jin Hausa, amma irin ta kicin: kawo gishiri, rufe ƙofa, wa ya cinye naman. A yi mata Hausa ta mayar da Turanci. Saboda ni ta fara ƙoƙarin mayarwa da Hausa, ni kuma ina ta zuga ta. Da na sani!

Wata Lahadi bayan an taso daga coci na je gaida iyayenta a unguwar Mount Hope, zuwan farko na neman iri. Na tarar da falo cike, ga Baba, ga Mama, ga wata Gwaggo Laraba, yayar Baban, wadda aka ce in ba ta amince da mutum ba to magana ta mutu. Na durƙusa na gaishe su, aka kawo farfesun kayan ciki mai yajin da ke sa mutum tuna zunubansa. Tun a nan cikina ya fara gunaguni. Sai Baba ya tashi da kansa ya ɗauko wata kwalbar jan ruwan inabi daga saman kabad, ya ce tun ranar da ya bar aiki aka ba shi, ya ajiye ta sai ranar da mai neman Saratu ya zo. Ya zuba mini rabin ƙaramin kofi, ya miƙo mini da hannunsa.

"Ɗan kaɗan ne, ɗana. Na albarka."

To, kai mai karatu, me za ka yi? Dattijo ya ajiye abu shekara da shekaru dominka, ya miƙo maka gaban yayarsa. Na karɓa da hannu biyu, na ce na gode Baba, na shanye. Har cewa na yi da daɗi.

Ba a jima ba cikina ya ba da amsa. (Don in yi wa giyar adalci, yaji da fargaba sun riga sun share mata hanya, ita dai ta zo ta buɗe ƙofa ne.) Gumi ya keto mini. Gwaggo Laraba tana tambayata sunan kakana na wajen uwa, ni kuwa ina matse ƙafafu ina addu'a. Ga ƙofar banɗakin ina hango ta, tana kallon falon kai tsaye, kuma ka san bangon gidajen nan, ko tari ka yi maƙwabci zai ce maka sannu. Duk da haka na ga ba makawa. Na sunkuya wajen Saratu na raɗa mata, da ladabin da aka koya mini a gida:

"Ina so in ɗan zagaya."

Fuskarta ta washe. Ta miƙe ta ce wa iyayenta da Turanci za mu ɗan fita mu dawo, ta ɗauko rigar sanyinta. Ni kuma, don wauta, na ɗauka akwai wani banɗakin a waje da za ta nuna mini don ta rufa mini asiri. Har na ji ƙaunarta ta ƙaru a raina. Sai da na ga mun sauka ƙasa mun fito titi na gane abin da ya faru. A Hausar Saratu, zagayawa zagayawa ce. Unguwa za ta nuna mini.

Wayyo Allah. Ta nuna mini makarantar da ta yi, da inda ta faɗi da keke ta fasa haɓa, da cocin da aka yi mata baftisma. Muka miƙi titin Grand Concourse tana ta zuba, tana murna wai na damu in san inda ta tashi. Ni kuwa ina tafe kamar wanda ya ɗauko ƙwai a aljihun wando. Kalma ɗaya ta Turanci da ta fitar da ni, amma bakina ya ƙi. Kuma duk wanda ya zauna a New York ya san ya fi sauƙi ka sami wurin ajiye mota da ka sami banɗaki a titi.

Da abin ya kai maƙura, na hango wani kantin kayan abincin gida, buhunan gero da manja a bakin ƙofa. Na ce wa Saratu ta jira ni, zan gaida wani. Na faɗa ciki na tarar da wani dattijo, daga jin harshensa mutumin Nijar ne. Ko sallamar kirki ban yi ba na ce, "Malam, don Allah zan zagaya." Ya dube ni sau ɗaya ya nuna wata ƙofa a bayan buhuna.

"Shiga nan, ga buta can. Allah shi sawwaƙe."

Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri, har yau wurinsa nake sayen daddawa.

Muka koma gida na ɗan dawo hayyacina, ina ganin na tsira. Muna shiga Gwaggo Laraba ta ce, "Ina kuka shige haka, ana magana?" Kafin in buɗe baki, Saratu ta gyara tsayuwa. Yau ce ranar da za ta nuna wa gwaggonta ta iya Hausa. Ta ce, a hankali, tana jin daɗin kowace kalma:

"Ya ce yana so ya zagaya, shi ne na raka shi. Mun zagaya tare, sosai. Amma a kantin Malam shi kaɗai ya shiga, ya daɗe."

Mama ta sa gefen gyale ta toshe baki. Gwaggo Laraba ta ce "Kun me?" sai dariya ta ƙwace mata, har tana dukan kujera tana kiran Yesu. Saratu tana ta waige-waige tana tambayar me ta faɗa ba daidai ba. Ni dai ina tsaye ina kallon takalmina.

Baba ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya kira ni kicin ya tura ƙofa, ya tambaye ni ko abin da ya ba ni ne ya tayar mini da ciki. Na ce e, na gaya masa ciwon, da abin da likita ta ce.

"To me ya sa ka sha?"

"Kunya, Baba. Ban iya mayar da hannunka ba."

Ya ce, "Ita ta sani?" Na girgiza kai. Ya ce, "Ni rabin kofi na ba ka. 'Yata kuwa rayuwarta za ta ba ka. In ka ce mini a'a, ba abin da zai ragu a jikina. Amma ban ga yadda zan ba da ita ga mutumin da zai gwammace ya mutu a titi da ya gaya mata yana ciwo ba. Je ka gaya mata, sannan ka dawo mu yi magana."

A matattakalar bene na gaya mata, da Turanci, kowane abu da sunansa. Na shirya ta yi dariya, ko ta yatsina fuska. Ba ta yi ko ɗaya ba. Idonta ya ciko, ta ce, "Wato duk ranakun da kake tashi ka bar ni da abinci a gaba, ciwo ne? Ni na ɗauka gajiya ka yi da ni. Har na gaya wa Mama ina jin ba da gaske kake ba."

Wannan ta fi dariyar Gwaggo zafi. Ni ina can ina tsaron mutuncina, ashe ita ke biyan kuɗinsa, ita kaɗai a teburin cin abinci tana tunanin me ta yi mini.

Mun yi aure, ciwon kuma yana nan, yana zuwa yana tafiya. Yanzu in an miƙo mini kofi, ko wane ne, sai in ce na gode, cikina ba ya so, kuma ban taɓa ganin wanda ya suma don jin haka ba. Baba da kansa yake ajiye mini zoɓo marar yaji. Abin da na koya dai shi ne, ladabin da zai sa matarka ta kwana tana zargin kanta ba ladabi ba ne. Sai kuma na biyu: in 'yar Bronx ka aura, ka kira banɗaki da sunansa.