Biko a Kan Moto

Wani ne a wajen Dogo-Dogo, matarsa Ƙande ta yi yaji. Jaki ne ya jawo. Ranar bikin ƙanwarta ya ɗauko ta a bayan jakinsa, suna isa korama jakin ya canza ra'ayi, ya sauke ta cikin taɓo da sabuwar atamfarta. Ko ɗaki ba ta koma ba, ta wuce gidan ubanta, wani ƙauye ta gefen Dantchiao. Daga can ta aiko: in yana son ta, ya zo biko ranar Juma'a a kan moto. In kuwa a kan jaki ya zo, ya sa a ransa ba shi da mata.

Mutumin nan yana son Ƙande kamar ransa. Moto kuma, wato babur, yana da shi, in dai za a kira abin moto. Gadon kawunsa ne. Ya girme shi, ya girmi Ƙande, fentinsa ya goge har an manta launinsa. Kaji ke kwana a kansa.

Ranar Alhamis ya je bakin hanya wajen mai isansi ya sayi fetur kwalba guda.

Mai isansi ya ce, "Da wannan tsohon naka mai shan mai? Kwalba guda hanya ɗaya za ta yi maka. In ta kai ka, ba ta dawo da kai."

Ya ce, "Kai dai miƙo. Na san dabarar da zan yi."

Ya dawo gida ya kori kaji, ya juye man a tanki, ya durƙusa ya yi dabararsa.

Juma'a da safe ya sha babbar riga, ya yi wanka da turare, ya hau ya taka kik. Moto ya yi tari sau ɗaya, irin na tsoho in an tashe shi, ya koma barcinsa. Ya taka, ya taka, har hula ta faɗi. Sai ya kira Abdulmumini, makanisiyan ne mai gyaran moto a Magaria.

"Alo, Malam Abdulmumini, moto ya ƙi tashi, aurena kuma a kansa yake."

"Akwai isansi a ciki?"

"Akwai. Ko ɗigo bai taɓa ba."

"To ƙila sanyin safe ne ya kama shi. Tsofaffin nan sai sun ji ɗumi."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko bargo ya lulluɓe moto tun daga fitila har wutsiya, ya zauna kusa yana yi masa sannu. Da hantsi ya yaye bargon ya taka. Shiru. Ya sake kira.

Abdulmumini ya ce, "Kwance buji, fulogin nan, ka bar wayarsa a jiki, ka taka kik ka gani ko akwai wuta."

Shi bai ce a ɗora bujin a jikin inji ba, wai a zatonsa kowa ya sani. Gogan naka ya damƙe buji a tafin hannu ya taka da iya ƙarfinsa. Sai ga shi can gindin rumbu a zaune, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Waya na ƙasa tana magana. "Alo, alo, akwai wutar?"

"Akwai, Malam. Amma duk ta shige jikina, ban san ko na rage masa ba."

"Mayar da bujin. Ina jin garin takawar nan ya sha mai da yawa, ya ƙware."

"Wannan kam ba na jin ya sha abin da zai ƙware shi. Amma bari in gwada."

Ya zagaya bayan moto ya yi ta bubbuga masa sirdi yadda ake yi wa yaro in fura ta sarƙe shi, yana cewa, "Tofar, tofar." Ba abin da ya fito sai kashin kaji.

Rana ta take. Hankalinsa ya tashi sosai, don ya san Ƙande, ba ta magana biyu. Abdulmumini shi ma ya gaji.

"Saura abu ɗaya. Ka sa shi a deziyem, giya ta biyu, ka nemi wanda zai ja ka da gudu. In ya ɗauki gudu zai tashi."

Ya leƙa gida-gida, kowa ya tafi gona. Ya dawo ya tsaya tsakar gida. Ya dubi jaki, jaki ya dube shi.

Haka aka gan su a hanya. Jaki a gaba, igiya a tsakiya, mutumin a kan moto ya riƙe kan moton da hannu biyu, babbar riga na jan yashi. Gudu kam jakin nan bai taɓa yi wa kowa ba, ba zai fara ranar ba. In sun zo wuce mutane sai ya danna oda, da yake ita ma ba ta aiki, ya yi da baki.

Bayan la'asar suka isa. Surukinsa Malam Tsoho na zaune a ƙofar gida kan tabarma. Mutumin ya sauka ya durƙusa ya gaishe shi. Kafin a gama gaisuwa Ƙande ta leƙo daga zaure. Ta dubi jaki tun daga kunne har kofato.

"Ban ce ban da wannan ba?"

"Haba Ƙande, ki tambayi duk wanda ya gan mu. Ni a kan moto na zo. Shi rakiya ya yi mana."

"To in moto ne ya tashi in ji kukansa. In ba haka ba, mai rakiyarka ya mai da ka."

Ta juya za ta shige. Ido ya raina fata.

Malam Tsoho ya yi kabu-kabu da ƙuruciyarsa, ya san irin waɗannan tsofaffin. Ya ce, "Dakata, 'yar nan." Ya tashi ya kwance igiyar, ya girgiza tanki ya ji mai na motsi. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin tankin, inda ɗan famfon da ke sakin mai zuwa inji yake. A rufe yake gam, har an naɗe shi da tsumma an ƙulle. Ya warware, ya murɗa, ya ɗan jira, ya taka sau ɗaya.

Moto ya tashi da ruri, hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida, jaki ya yanki daji. Ƙande ta shiga ta fito da ƙunshin kayanta a ka.

Mutumin kuwa ya zabura ya riƙe hannun surukinsa. "Baba, don Allah kashe shi, yana sha."

Malam Tsoho ya kashe, ya dube shi. "Wai wa ya ɗaure famfon nan?"

"Ni ne, Baba, tun jiya."

"Kai da kanka? To da me kake so ya kawo ka?"

"Ai wannan man na komawa ne, Baba. Zuwa, azumi yake."