Wane Irin Ci?

A Dajin Marke kuraye ke mulki, ɓaunaye kuma su ke biyayya, ga ƙaho ga ƙarfi amma kai a sunkuye. Sarki Kure ya tara majalisa don a tsara manhajar tarihi guda ga dukkan makarantun firamare. Aka ɗora Ungulu a kan aikin, tunda duk wani babban abu da ya faru a dajin ta halarta, har ta samu rabonta.

Ungulu ta gyara murya ta ce, "Ranka ya daɗe, darasin farko shi ne: Kuraye sun ci Fadama."

Malama Tabawa, tsohuwar ɓauna mai koyar da aji uku, ta miƙe. "Ranka ya daɗe, ba cin yaƙi aka yi ba, cinyewa aka yi. Maruƙanmu ne ke shan ruwa aka afka musu. Ɗana Tanimu yana cikinsu."

"Malama, ci ai ci ne," in ji Ungulu. "Ko ki koyar yadda aka rubuta, ko ki bar ajin."

Tabawa ta zauna. Baƙin ciki kamar ya kashe ta, amma ajin nan ba za ta bar wa kowa ba.

Ta koyar, ko wasali ba ta canja ba. Sai dai kowace shekara ba a rasa maraƙin da zai ɗaga kofato ya ce, "Malama, wane irin ci?" Ita kuwa amsarta ɗaya: "Aikin gida ne. Kowa ya tambayo uwarsa." Uwayen da suka daɗe da kama bakinsu, 'ya'yansu suka buɗe musu shi. Majalisa ta tsara komai, ta manta maruƙa suna fidda ƙaho.

Ranar bikin tunawa da Fadama, Sarki Kure da fadawansa suka zo sauraron hadda. Tsofaffin ɗaliban Tabawa suka cika filin, suka yi da'ira, da'irar tana matsewa. Sarki yana ta murmushi, ya ɗauka girmamawa ce.

Da ƙura ta lafa, Ungulu ta leƙo daga kan marke, ta dubi Tabawa, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ranki ya daɗe, me za a sa a sabuwar manhaja?"

"Rubuta: Ɓaunaye sun ci fada."

"Wane irin ci, ranki ya daɗe?"

Tabawa ta dubi abin da ya saura na Sarki. "Mu ciyawa muke ci. Sauko ki ƙarasa darasin."